Fort William, Garin da Ake Fara Duba Ƙafar Baƙo

Ranar wata Asabar cikin watan Fabrairu na sauka daga jirgin ƙasa a Fort William, wani ƙaramin gari a yammacin Sikotlan, da kambas a ƙafata. Kambas ɗin ba laifi, a Ƙofar Wambai na zaɓo shi kafin in bar Kano, kuma ya yi mini wata biyar ina taka titunan Gilasgo da shi. Mutumin da zai yi mana jagora yana jiranmu a bakin tasha. Ya miƙo hannu muka gaisa, amma idonsa na kan ƙafata. Da ya ɗago sai ya ce, "Ina fata akwai wani a cikin jaka."

Na ce babu.

Ya ce, "To, da wannan ko rabin hanya ba zan kai ka ba. Shaguna suna buɗe har yamma. Je ka nemo takalmi."

Mu huɗu muka zo daga ƙungiyar ɗalibai masu hawa tsauni ta jami'armu: ni, da abokin ɗakina wanda shi ma ɗan Arewa ne, da wasu ɗalibai biyu 'yan ƙasar. Niyyarmu mu hau Ben Nevis, tsaunin da ya fi kowane tsawo a Birtaniya, a tsakiyar hunturunsu.

Ku da kuke karanta labarin ƙasa a aji, ga abin da zai ba ku mamaki. Tsawon Ben Nevis mita 1,345 ne kacal. Duwatsun Shere da ke kusa da Jos sun kai mita 1,829, Chappal Waddi na Jihar Taraba kuwa mita 2,419 ne. Shi kansa garin Jos yana zaune a kan tudu mai kimanin mita 1,200, kuma ba wanda ya taɓa neman takalmi na musamman don zuwa kasuwar Taminus. Lokacin da na ga waɗannan alƙaluma na raina tsaunin ƙwarai. Abin da na manta shi ne inda Allah Ya ajiye shi. Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Ben Nevis kuwa yana dab da digiri 57, kuma yana tsaye a gaɓar Tekun Atilantika, duk iska da ruwan da suka taso daga teku shi suke fara samu. Ruwan da ke sauka a ƙololuwarsa a shekara ya haura milimita 4,000, wato ninki biyu na wanda ke sauka a garin da ke gindinsa. Ban da haka, daga kusan bakin teku ake fara hawansa, saboda haka mitocin nan 1,345 kusan dukkansu sai ƙafarka ta biya su.

Tun a jirgi na fara gane cewa na shigo wata duniya. Tafiyar daga Gilasgo kusan awa huɗu ce. Bayan an wuce tafkin Lomond, layin dogon yana ratsa wani fili da ake kira Rannoch, fadama ce shimfiɗe iya ganinka, ba gida ba gona, sai barewa masu rassan ƙaho suna kallon jirgi. Da aka zo shimfiɗa layin, wanda aka buɗe a 1894, ƙasar ta ƙi riƙe nauyi, sai da aka jera rassan itatuwa da saiwoyi da ƙasa aka ɗora dogon a kai. A tsakiyar filin akwai tashar Corrour, mita 408 sama da teku, wadda ko titin mota na jama'a bai kai gare ta ba. Mutum biyu suka sauka a can da manyan jakunkuna, suka nufi cikin farin fili. Na daɗe ina leƙensu ta taga.

Fort William kansa gari ne mai mutane wajen dubu goma, a gefen wani dogon rafin teku mai suna Linnhe. Sunan ya samo asali daga sansanin soja da aka gina a 1690 aka sa masa sunan Sarki William. A yaren Gelik na mutanen wurin sunansa An Gearasdan, ma'ana barikin soja. Babban titinsa guda ɗaya ne, an shimfiɗa masa duwatsu, kuma kusan duk inda ka juya sai ka ga shagon kayan hawa tsauni. A ƙofar gidajen saukar baƙi akwai ɗaki na musamman mai ɗumi don shanya takalma. Warin ɗakin nan, Allah Ya kiyashe ku.

Na shiga wani shago da fam 300 a asusuna, kuɗin da na tara daga aikin wanke-wanke a wani gidan abinci. Ina shiga idona ya faɗa kan wani takalmi ja da rawaya, dogo har ƙwauri, an rataya masa takardar ragi, kuɗinsa ya dawo rabi. Lamba 43, lambata ke nan. Na ɗauka na rungume. Wata dattijuwa da ke kula da sashen takalma ta zo ta tambaye ni ina za ni, wace hanya za mu bi, sau nawa nake sa ran hawa a shekara. Na faɗa mata. Ta karɓi takalmin daga hannuna ta mayar kan kanta, ta ce, "Zauna, yaro. Cire safa."

A nan karatu ya fara.

Ta ɗauko wani takalmi ta riƙe gaba da baya ta lanƙwasa shi, ya lanƙwasu kamar silifa. Ta ɗauko na biyu, ya ɗan motsa kaɗan. Na uku kuwa, irin wanda na rungume, ko gezau, kamar katako. Ta ce a Birtaniya takalman tsauni aji-aji ne. Wanda ake kira B0 na yawon rani ne, ba ruwansa da ƙanƙara. B1 yana da ɗan tauri, ya isa tafiya a kan dusar ƙanƙara inda gangara ba ta da tsanani. B2 ya fi shi tauri, a dunduniyarsa akwai wani ɗan leɓe. B3 shi ne katakon, da leɓe gaba da baya, an yi shi don masu hawa bangon ƙanƙara a tsaye.

Dalilin wannan rabe-rabe shi ne wani ƙarfe mai haƙora da ake ɗaura wa ƙasan takalmi, sunansa kiramfon. Haƙoran goma ne ko goma sha biyu, su ke cizon ƙanƙara su hana ka zamewa. Wani Bature ɗan Ingila, Oscar Eckenstein, shi ya tsara mai haƙora goma a 1908, wani maƙeri ɗan Italiya mai suna Henry Grivel ya ƙera shi, daga baya a 1929 ɗansa Laurent ya ƙara haƙora biyu masu kallon gaba. Shi ma kiramfon aji uku ne, C1 da C2 da C3, daga mai lanƙwasuwa da ake ɗaurewa da igiya zuwa mai tauri da ake maƙalawa a leɓen takalmi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kada lambar kiramfon ta fi ta takalmi. Takalmin B2 zai ɗauki C1 ko C2, amma ba C3 ba. In ka ɗaura ƙarfe mai tauri a takalmi mai laushi, duk takun da ka yi takalmin na lanƙwasawa ƙarfen na ƙi, har ƙarfen ya suɓuce ko ya karye. Kuma ba a kan hanya mai kyau yake suɓucewa ba, sai inda ka fi bukatarsa.

Na ce to ai shi ke nan, in sayi B3, tunda ya fi kowanne, ga shi da araha. Ta yi dariya ta ce in sa shi in taka. Na sa. Tafiyar da na yi a cikin shagon kamar wanda aka ɗaura wa allo a tafin ƙafa. Ta ce, "Hanyar da za ku bi kilomita 16 ce zuwa da dawowa, fiye da rabinta tafiya ce kawai. Wannan na masu rataye a jikin ƙanƙara ne. Kai B2 ne naka."

Sai ta zaro shimfiɗar cikin takalmin ta ajiye a ƙasa, ta ce in taka in tsaya. Babban yatsana na hagu ya kai har bakin shimfiɗar, gefen ƙafata kuma ya zubo waje. Ta auna ni. Ashe ƙafata ta hagu ta fi ta dama tsawo da kusan rabin lamba, abin da ban taɓa sani ba a shekara ashirin da shida. Ga ta da faɗi, irin ƙafar wanda ya tashi da silifa da takalmin fata buɗaɗɗe. Ta ce kowane kamfani yana da gunkin ƙafa da yake ɗinka takalmansa a kai, wani siriri, wani mai faɗi, saboda haka lamba 43 ta wannan ba ita ce 43 ta wancan ba. Dole a bar sarari kamar faɗin yatsa ɗaya tsakanin babban yatsa da bakin takalmi. Kuma ta ce na yi sa'a da na zo da yamma, don ƙafa tana ɗan kumbura bayan wuni ana tafiya, wanda ya gwada takalmi da sassafe yakan sayi ƙarami.

Takalmi biyar na gwada. Kowanne sai ta ba ni safa mai kauri ta ulu, ta ɗaure igiyar da kanta, ta tura ni wani ɗan tudu na katako da aka yi a tsakiyar shagon. In na hau, tana kallon dunduniyata, kada ta riƙa ɗagawa a ciki, don wannan gogayya ita ke kawo bororo. In na gangaro, tana tambaya ko yatsuna suna taɓa gaba. Daga nan ta sa in harbi wani ginshiƙi sau uku da ƙarfi, kamar yadda ake harbin dusar ƙanƙara don a yi matakala. A na uku yatsuna suka daki gaba a takalma uku daga cikin biyar. Na huɗu ya matse ni a gefe. Wanda ya rage wani toka-toka ne marar kyan gani, lamba 44 da rabi, kuma babu ragi a kansa. Fam 260.

Na tsaya ina lissafi. Ta ce in sau ɗaya zan hau, in yi haya kawai, akwai masu bayarwa a garin. Na ce ina da niyyar komawa tsauni duk hunturun da zan yi a ƙasar. Ta ce to in saya, amma in san cewa na yi kuskure ɗaya wanda ba ta da maganinsa: sabon takalmi ana sa shi a gida da unguwa na wasu makonni kafin a kai shi tsauni. Ta haɗa mini da filasta ta ce, "Za ka neme ta."

Kafin in fita na juya ƙasan takalmin na ga wani ɗan tambari rawaya an rubuta Vibram. Labarinsa ya cancanci ku sani. A da, masu hawa tsauni takalmin fata suke sawa mai ƙusoshi a ƙasa. A 1935 wani ɗan Italiya, Vitale Bramani, ya rasa abokan tafiyarsa shida a tsaunukan Alps, kuma ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan takalman da suke sanye da su. Ya koma ya duƙufa, a 1937 ya fito da ƙasan takalmi na roba mai tauri da manyan tsaga kamar tayar tankar yaƙi. Sunan ma daga nasa aka yanko: Vi da Bram. A cikin takalmin kuma akwai wani siririn yadi, Gore-Tex, wanda ya samo asali daga binciken wani Ba'amurke, Bob Gore, a 1969. Ƙofofin jikinsa sun yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta, amma tururin gumi yana iya fita. Wannan yana da muhimmanci, domin ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu. Jiƙaƙƙiyar ƙafa a kan tsauni, ko da gumi ne ya jiƙa ta, ƙafa ce mai sanyi. Shi ya sa ba a sa safar auduga, don ita in ta sha ruwa ba ta saki.

Abokin ɗakina bai bi ni shagon ba. Shi ya riga ya sayi nasa na hannu ta intanet tun a Gilasgo, B3 ne shuɗi, da kuɗin da bai kai rabin nawa ba. Da na dawo masauki ya ɗaga nawa ya juya, ya ce, "Mutumina, wannan na masu gadi ka sayo?" Muka yi dariya. Gaskiya nasa ya fi kyau nesa ba kusa ba, kuma a daren nan na ji zafin kuɗina.

Ranar Lahadi jagoran ya kai mu wani tsauni na kusa, Aonach Mòr, inda keken igiya ke ɗaga mutane zuwa mita 650. A can muka wuni muna koyon tafiya da kiramfon, ƙafafu a ware kamar mai sabon kaciya don kada haƙoran su kama wando, da yadda ake kafa gatarin ƙanƙara a tsayar da kai in an zame. Na faɗi ya fi sau goma. Abokina ya ce yatsunsa sun ɗan yi sanyi, sai ya yanke shawarar gobe zai sa safa biyu. Bai gaya wa kowa ba sai ni, ni kuma na ce dabara ce mai kyau.

Litinin muka yi sallar Asuba, muka fito da tocila a goshi. A watan Fabrairu hasken rana a can awa tara ne da 'yan kai, hawa da sauka kuma yakan ci awa bakwai zuwa tara, saboda haka ba a wasa da lokaci. Jagoran ya riga ya duba hasashen yanayi da na zaftarewar dusar ƙanƙara, wanda wata hukuma ke fitarwa kullum a lokacin hunturu. A gindin tsaunin digiri 4 ne a ma'aunin Salshiyos. Ku yi lissafin da kanku: duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Ke nan a ƙololuwa muna sa ran wajen digiri 5 ƙasa da sifili, kafin iska ta sa hannu.

Hanyar da muka bi an yi ta ne a 1883 don dawakai masu kai kaya. A shekarar ce aka buɗe tashar nazarin yanayi a kan ƙololuwar, inda ma'aikata suka zauna rani da hunturu suna auna iska da sanyi kowace awa har 1904. Kafin a gina ta, wani mutum mai suna Clement Wragge ya riƙa hawa tsaunin kusan kullum a lokacin zafi na 1881 da 1882 don ya ɗauki awo. A 1894 wani saurayi, C.T.R. Wilson, ya yi 'yan makonni yana aiki a tashar. Irin hasken da ya gani rana na yi a jikin gajimare ya sa ya koma ɗakin gwaji yana ƙoƙarin haɗa gajimare a cikin kwalba, daga nan ya ƙirƙiro na'urar da ta sa aka fara ganin sawun ƙananan ƙwayoyin zarra, ya sami kyautar Nobel a 1927. Kangon tashar yana nan har yau. Shi na fi ɗokin gani.

Awa biyu na farko matakalar duwatsu ce, jiƙaƙƙiya, babu ƙanƙara. Muka wuce wani ɗan tafki a wajen mita 570, muka tsallake wani rafi da ake ɗauka shi ne rabin hanya. Daga nan ƙasa ta fara fari. Muka zauna muka ɗaura kiramfon. Dunduniyata ta dama ta riga ta fara zafi, na cire takalmi na manna filastar dattijuwa, na mayar da sauri. Yatsuna kuwa suna motsi a sake, da ɗuminsu.

Sama da rafin hanya tana yin kwana-kwana a jikin gangara. Iska ta taso daga yamma tana watsa mana dusar ƙanƙara a fuska kamar yashi. Duk wanda ya san jaura ta watan Janairu a Kano, ya ninka ta, ya ƙara mata ruwa. Gashin girana ya daskare. Ruwan da ke cikin gorata ya fara yin ƙanƙara a baki. Abin da na fi tunawa shi ne ƙarar haƙoran ƙarfe a kan ƙanƙara, ƙaras ƙaras, da yadda nake jin ƙafata ta kafu duk inda na ajiye ta.

Mun kai wajen mita 1,100 sai na lura abokina ya daina magana, shi da bakinsa ba ya hutawa. Na ce, "Lafiya?" Ya ce lafiya lau, ai ma yatsun sun daina ciwo. Ya faɗa da murna. Jagoran yana gaba, amma ya ji. Ya juyo ya ce, "Tun yaushe?" Abokina ya ce kamar rabin awa. Jagoran ya ce ya motsa yatsun. Ya ce yana jin kamar babu su.

Nan take ya ja mu bayan wani dutse, ya fito da wata jakar leda babba mai ruwan lemo muka shige ciki mu biyar, muka zauna a kan jakunkunanmu. Ya kwance takalmin hagu na abokina. Da ƙyar ya fita. Safa biyu masu kauri a cikin takalmin da dama can ya yi masa kaɗan, ga igiya an ɗaure tamau. Yatsu uku sun yi fari-fari kamar kyandir, babban yatsan ya yi tauri a baki.

Abin da ke faruwa shi ne, jini ke kai ɗumi ƙafa. In sanyi ya yi yawa, jiki da kansa yana rage jinin da ke zuwa yatsu don ya tsare zuciya da sauran kayan ciki. In ka ƙara matse ƙafar, ka toshe ɗan abin da ya rage. Sannan ita safa, iskar da ke maƙale a cikin gashinta ce ke riƙe ɗumi. In an danne ta, iskar ta fita. Safa biyu a matsattsen takalmi sun fi safa ɗaya sanyi. Da na san haka ranar Lahadi da daddare, da ban ce dabara ce mai kyau ba.

Na kai hannu zan murza masa yatsun, jagoran ya buge hannuna. Ba a murzawa, ba a goga dusar ƙanƙara, ba a kara wa wuta, don naman da sanyi ya kama yana saurin lalacewa kuma mai shi ba zai ji yana ƙonewa ba. Ya ce in ɗaga rigunana. Ya ɗauki ƙafar abokina ya ɗora a kan cikina, fata da fata, ya ja riguna ya rufe. Wallahi kamar an ɗora mini ƙanƙarar firji. Ɗaya ƙafar kuma ɗaya daga cikin 'yan ƙasar ya karɓa. Aka ba shi shayi mai zafi da sukari. Muka zauna haka wajen minti ashirin, leda na kaɗawa a kanmu.

Can sai abokina ya fara salati, yana cije leɓe, hawaye na zuba. Jagoran ya ce madalla, jini ne ke dawowa, kuma wannan zafin shi ake nema. Yatsun suka koma ja. Ya sa shi ya cire safa ɗaya, ya ba shi busasshiya daga jakarsa, ya ɗaure igiyar sako-sako a kan yatsu, da ƙarfi a idon sawu. Sannan ya ce mu juya.

Saura mita 250 kawai. Abokina ya roƙe shi, ya ce ya warke, ya ce mu mu je shi zai jira. Jagoran ya ƙi. Ya ce ƙafar da aka ɗumama in ta sake daskarewa, ɓarnar ta fi ta farko, kuma a nan ne ake rasa yatsu. Ya ƙara da cewa saman tsaunin fili ne da hazo ke rufewa, a gefen arewa akwai bangon dutse na ɗaruruwan mitoci wanda dusar ƙanƙara ke yi wa leɓe, mutum ya taka yana zaton ƙasa ce. Masu saukowa a cikin hazo sai sun bi kamfas, su ƙirga taku na mita 150 ta wata fuska, sannan su canza, don kauce wa kwazazzabai biyu. Wurin ba na mai ɗingishi ba ne. Masu aikin ceto na yankin kuma 'yan sa-kai ne, mutanen gari masu sana'o'insu, ba ya son ya fito da su cikin wannan iska a kan abin da za mu iya kauce wa.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji haushi. Na yi wata uku ina wanke tukwane saboda wannan rana, ga kangon tashar Wilson can sama cikin hazo, tafiyar da ba ta fi awa ɗaya ba. Muka gangaro ba mai cewa uffan. A gangarar ne na gane amfanin ɗan tudun katakon shago: awa uku muna sauka, yatsuna ba su taɓa gaban takalmi ko sau ɗaya ba. Abokina kuwa kowane taku sai babban yatsansa ya daki bango. Dunduniyata dai ta yi bororo duk da filasta, ya fashe kafin mu kai tafki, na ƙarasa ina ɗingishi ni ma.

Da yamma aka duba shi a asibiti, aka ce sanyin bai shiga nama sosai ba. Fatar bakin yatsun ta saɓule bayan kwanaki, farcen babban yatsa ya yi baƙi ya faɗi bayan wata guda, wani ya fito. Har yanzu in sanyi ya yi, yatsun nan uku su ke fara gaya masa.

Washegari kafin jirginmu ya tashi na raka shi shagon, yana tafe da silifa a kan safa, mutane na kallonsa. Dattijuwar ta gane ni, ta tambayi dunduniya, na ce ta yi bororo. Ta ce ai ta faɗa. Ta karɓi shuɗin takalmin ta juya shi, ta ce takalmi ne mai kyau ƙwarai, zai yi wa wani daidai. Ta zaro shimfiɗar cikinsa ta ajiye a ƙasa, ta dubi abokina ta ce ya taka a hankali. Babban yatsansa, da bandejinsa, ya wuce bakin shimfiɗar ya sauka a kan daɓe.

Ta ce ya bari ƙafar ta warke tukuna, kumburin ya saɓe, sannan ya dawo, kuma ya zo da yamma. Ya tambaye ta ko akwai irin nawa a lamba 45. Ta ce akwai, amma launi ɗaya ne, toka-toka.